Kyamara Mai Dogon Baki

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara fita da kyamarata cikin taron jama'a. Ko yanzu da nake rubuta wannan, sai da na ɗan rufe fuska da tafin hannu, alhali ni kaɗai ne a ɗakin.

Bari in faro daga tushe. Ni malamin makaranta ne a Zuru, ina koyar da labarin ƙasa a wata sakandare. Ɗaukar hoto ba sana'ata ba ce, sha'awa ce kawai ta kama ni da girmana. Tun da na mallaki waya mai kyamara nake damun mutane. Idan ruwa ya ɗauke da yamma duwatsu suka yi wankan nan nasu, ina bakin hanya da waya a sama. Ranar kasuwa ina bayan mata masu daddawa. Matsalar waya ɗaya ce: da ka jawo abu daga nesa sai hoton ya dagargaje, shaho ya koma kamar ɗigon tawada. Wani abokin aikina ne ya ce mini kyawawan hotunan da nake gani a intanet ba da waya ake ɗaukarsu ba, da babbar kyamara ce, irin wadda ake kira DSLR, wadda ake cire mata gilashin gaba a ɗaura wani. Daga ranar na rasa sukuni.

Na shiga bincike kamar mai shirin jarrabawa. Duk datar da na saya a bidiyoyin koyon hoto take ƙarewa. Na san wadda ta fi riƙe caji, na san wadda ta fi sauƙin nauyi, na san wadda ke ɗaukar hoto mai kyau ko da haske ya yi ƙaranci. Na haddace kalmomin da ni kaina ban gama fahimtarsu ba, na riƙa zazzage su a ɗakin malamai. (Daga baya na lura cewa da na ce "ai ita kyamara," sai kowa ya tuna yana da aji.) Kuma duk masu bidiyon nan bakinsu ɗaya a kan abu guda: ɗan koyo ya fara da ƙaramar kyamara mai gajeren gilashi, wanda ke ɗaukar na kusa da na ɗan nesa. Dogon gilashi na tsuntsaye ne da filin ƙwallo, sai daga baya. Na ji, na gane, har na koya wa wasu.

A lokacin ina neman auren Rahila, ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibiti a cikin gari. Ita kaɗai ce ba ta gudu idan na fara, sai dai takan ci gaba da yankan kuɓewarta tana cewa "uhm." Wata rana ta ajiye wuƙar ta dube ni.

"Wai me kake so ka riƙa ɗauka ne?"

Na ce, "Komai. Mutane, duwatsu, biki, komai."

"To ka sayi mai ɗaukar komai ɗin mu huta mana."

Na yi murmushin masana, na ce mata abin ba haka yake da sauƙi ba. (Haka yake da sauƙi.)

Da na kwashi adashinmu na malamai, sai na nufi shagon Oga Chidi da ke kusa da kasuwa. Mutumin kudu ne, ya daɗe a Zuru har 'ya'yansa sun fi ni iya C'lela, yaren mutanen garin. Wayoyi yake sayarwa da rediyo da fankoki, amma idan ka ba shi saƙo yakan taho maka da shi in ya je sarin kaya. Na kwatanta masa abin da nake so, ya ce in ba shi lokaci. Da ya dawo ya kira ni, na tarar ya shimfiɗa tawul a kan kanta ya jera kyamarori biyu, duka na hannu amma masu tsabta.

"Malam, ni gaskiya rediyo na sani," in ji shi. "Wannan abu kai ne ka san shi. Duba da kanka, wanda ya yi maka ka ɗauka, ɗayan zan mayar."

Ta farko ita ce daidai abin da na yi watanni ina wa'azi a kansa: ƙarama, mara nauyi, da gajeren gilashinta. Ta biyu ta ɗan fi tsufa, kuma gilashi ɗaya tak gare ta, dogo, baƙi, mai kauri, idan ka murɗa shi sai ya ƙara miƙewa kamar zai taɓo mutum. Na ɗauki ta farko na leƙa, na ga shago kamar yadda idona ke ganinsa. Lafiya lau. Na ɗauki ta biyu na juya bakinta waje, na kafa ido a 'yar tagar leƙen da ke bayanta, na murɗa. Jama'a! Can tsallaken titi wata mata na suyar ƙosai, sai ga kaskonta a gaban hancina. Ina ganin mai yana tafasa, ina ganin ƙosai yana juyawa, har ƙudan da ya sauka a bakin tire na gani.

Amma ba wannan ne ya kayar da ni ba, bari in faɗi gaskiya. Akwai wani sabon firji a shagon mai ƙofa kamar madubi. Na rataya ƙaramar a wuya na dubi kaina: malamin makaranta da abin wasa. Na rataya babbar na sake dubawa: sai ga wani ɗan jarida, irin waɗanda ke durƙusawa a bayan raga a filin ƙwallo. Har kafaɗuna suka buɗe da kansu.

"Kai, wannan ya dace da kai," in ji Oga Chidi. "Kamar da shi aka haife ka."

Shi ke nan. Duk karatun watanni ya bi iska a gaban ƙofar firji. Na ce wa raina gajeren gilashi ai ko yaushe ana iya saye daga baya.

Makonnin farko daɗi kawai na sha. Na ɗauki shaho a sama har ana ƙirga gashin fiffikensa. Na ɗauki ƙadangare a kan katangar maƙwabta yana gyaɗa kai. Na ɗauki wata bishiya da ke can ƙololuwar dutse wadda na yi shekaru ina hange. Rahila kuwa da na ce zan ɗauke ta, sai da na tsallaka titi na tsaya a bakin shagon mai faci kafin ta shiga hoton daga kai zuwa gwiwa. Ta ɗauka salo ne na gwanaye, ni kuma ban gyara mata ba.

Ana haka sai ga babban al'amari ya taso a gidansu. Mahaifin Rahila tsohon soja ne, kowa Baba Saje yake ce masa, ya yi ritaya ya koma gona a wani ƙauye kusa da Kanya. 'Ya'yansa maza uku duk sun bi sawunsa, kowanne da inda aka jefa shi, kuma an yi shekaru ba su haɗu a gida lokaci guda ba. Babban, Ishaya, ya daɗe a bakin daga, akwai lokacin da aka yi watanni ba a ji muryarsa ba. Wannan karon, bayan girbi, Allah ya sa duk ukun suka samu hutu tare. Baba Saje ya ce za a yi godiya a coci, a dawo gida a ci abinci, kuma yana so a ɗauki hoton iyali gaba ɗaya tun mahaifiyarsa tana da rai. Kaka ta tsufa ƙwarai, kowa ya san abin da yake nufi, ba wanda ya furta.

Rahila, don ta ɗaga darajata, ta ce wa mahaifinta ba sai an ɗauko mai hoto daga gari ba. "Malam yana da babbar kyamara."

Ku fahimci matsayina a lokacin. Manyana sun je gaisuwar farko, Baba Saje ya karɓe su da mutunci, amma amsarsa ita ce, "Za mu duba." Kuma yana ta dubawa. Sau ɗaya da muka zauna ya tambaye ni ko na taɓa kwana a daji, na ce a'a. Ya tambaye ni ko na iya huɗa, na ce a makaranta muna koyar da nau'o'in ƙasa. Ya ce, "To." Wannan "to" ɗin ta daɗe tana bina. Saboda haka na ɗauki wannan hoton a matsayin damata. Idan ban iya garma ba, ai na iya abin da duk gidan ba wanda ya iya.

Ranar na ɗinka sabon yadi, na goge takalmi, na cika batir, na hau babur da jakar kyamara a ƙirji kamar mai goyon jariri ta gaba. Na isa bayan an taso daga coci. Gida ya cika: dangi daga Danko, wasu daga Sakaba, tsofaffin abokan aikin Baba Saje da hulunansu, mata na ta kai da kawo da manyan tukwane. Da na zaro kyamarar na murɗa gilashin ya miƙe, sai da wurin ya ɗan yi tsit. Wani tsoho ya ce, "Wannan ai sai da lasisi." Aka yi dariya, ni kuwa kaina ya ƙara girma.

Ishaya ne ya zaga da ni gidan. Mutum ne mai fara'a, ba ka cewa daga inda ya fito ya fito. A bayan gida ya nuna mini wani baƙin sa ɗaure a gindin ɗorawa, ƙato, mai ƙaho kamar an fere.

"Na huɗar Baba ne," ya ce. "Yana da aiki, amma ba ya son baƙi. Shekaranjiya ya tsinke igiya ya bi mai sayar da gishiri har bakin rafi. Kada dai ka matsa kusa."

Na yi dariya irin ta maza na ce ba komai. (Ni da ko a hanyar kasuwa na hango garke sai na canja layi. A cikin gari aka haife ni, dabbar da na saba da ita kaza ce.) San ya ɗago kai ya dube ni, na dube shi, na ji a jikina cewa ya riƙe fuskata.

Na koma tsakar gida na fara aiki, nan take kuma matsala ta bayyana. Tsakar gidan ba ta da faɗi. Duk wanda na saita, sai in samu kunne. Ko hanci. Ko rabin ɗankwali. Na manna bayana da bango, na samu haƙoran wani fasto su kaɗai. Mutane na ta gyara tsayuwa suna cewa, "Malam, ɗauke mu mu uku," ni kuma ina latsawa ina cewa, "Ya yi kyau," alhali na tsakiyar kawai na samu, shi ma daga gira zuwa haɓa. Duk wanda ya ce a nuna masa sai in ce sai an wanke. Na riƙa lallashin kaina cewa babban hoton ne mai muhimmanci, shi kuwa a waje za a yi, inda akwai fili.

Da rana ta ɗan karkata, Baba Saje ya daka tsawa aka fito ƙofar gida. Bai bar mini tsara mutane ba, da kansa ya yi, kamar fareti. Aka kawo kujera aka zaunar da Kaka a tsakiya, 'yar ƙarama cikin farin zane. Shi da Mama, mahaifiyar Rahila, a gefenta. Sojoji uku a baya cikin kakinsu. Sai surukai, jikoki, ƙanne, 'ya'yan ƙanne, layi ya miƙe tun daga bishiyar mangwaron ƙofar gida har kusan rumbunan hatsi. Rahila na can gefen dama cikin atamfa shuɗiya, tana yi mini murmushin "kada ka ba ni kunya."

Gaban gidan gonar dawa ce da aka girbe, sai kututturan kara. Na tsaya inda kowane mai hoto zai tsaya, na leƙa. Fuskar Kaka ce kawai da maɓallin rigar Baba Saje. Na ja da baya. Mutum uku. Na ƙara ja. Mutum biyar.

"Ku ɗan matsu!" na ce.

Suka matsu. Na ci gaba da ja da baya, kara na kama mini ƙafar wando. Na tsallake kunya, na tsallake wata. Muryoyinsu suka fara yin ƙasa.

"Malam!" Ishaya ya ƙwalla. "Zuru za ka koma?"

Aka kwashe da dariya. Na ɗaga hannu alamar na san abin da nake yi. Na ci gaba har na kai inda idan zan yi magana sai na yi ihu, su kuma suka koma 'yan ƙanana a idona. Na durƙusa a gwiwa ɗaya (na ga ana yi a bidiyo), na runtse idon hagu gam, na kafa na dama a taga. Saura kaɗan kowa ya shiga. Na kai hannu in murɗa gilashin ya ƙara buɗewa, sai na murɗa shi ta ɓangaren da ba shi ba, ya miƙe har ƙarshe. Komai ya dushe. Ina ƙoƙarin gyarawa sai wani baƙin abu ya shigo ya cika tagar. Kyamarar ta yi 'yar ƙararta ta saita kanta, hoton ya washe farat ɗaya.

Ƙaho. Baƙin goshi. Jajayen idanu biyu suna kallon cikin idona. Hanci yana huci, yana matsowa.

Ban yi tunani ba. Da na yi tunani da na buɗe ɗaya idon. Abin da na sani kawai shi ne na ji wata murya, siririya kamar ta mace mai naƙuda, tana cewa, "Sa ya tsinke! Ku gudu! Ku gudu!" Sai daga baya na gane tawa ce.

Ban san ina da gudu haka ba. Na keta gonar nan ina tsallake kunya bibbiyu, kyamara na dukan ƙirjina, takalmi ɗaya ya tsaya a hanya ban waiwaye shi ba. Na nufi jama'a ina ihu, su kuma ganin yadda na taho suka gaskata. Layin da Baba Saje ya tsara ya watse. Mata suka suri yara. Wani ya yi karo da tiren shinkafa. Sojoji biyu suka ɗaga Kaka da kujerarta cak suka yi cikin gida da ita. Ishaya ya fizgi taɓarya daga hannun wata mata ya tsaya a gaba, Baba Saje ya tsaya kusa da shi da ɗan benci a hannu, tsofaffin sojojin nan duk suka miƙe, har mai sanda. Ni kuwa na ratsa ta tsakiyarsu. Na wuce Rahila, kafaɗata har ta gogi tata, ban tsaya ba. Na kama reshen mangwaro na haye, da sabon yadina, da ƙafa ɗaya ba takalmi.



Daga inda nake a sama ina ganin komai, abin da ya fi ciwo ke nan. Ina ganin bayan gida, inda baƙin sa ke kwance a gindin ɗorawa, igiyarsa lafiya lau, yana tuƙa abinsa. Ina ganin gona fayau, ba kowa. Sai can kusa da takalmina, wani ɗan baƙin bunsuru, wanda bai fi a ɗauke shi a hammata ba, yana shinshina takalmin. Ya ɗago kai ya ce, "Meee."

Baba Saje ya ajiye bencin a hankali. Ya tako har gindin mangwaro, ya ɗaga kai.

"Malam."

"Na'am, Baba."

"Ina san?"

Na dubi gindin ɗorawa, na dubi bunsurun.

"Sauko," ya ce. "Sauko ka nuna muna abin da ka gani."

Saukowar ta fi hawan wuya. Da ƙafata ta taɓa ƙasa na danna maɓallin duba hoto, ban ma san ko akwai wani abu ba. Ashe lokacin da na firgita yatsana ya latsa. Ga shi nan ya cika allon: fuskar bunsuru, tsaf, kowane gashi a fili, ƙahonsa biyu 'yan gajeru, da guntun kara a bakinsa. Wallahi ban taɓa ɗaukar hoto mai kyau kamarsa ba.

Baba Saje ya dubi allon, ya dubi gona, ya sake duban allon. Gashin bakinsa ya fara motsi. Ishaya ya leƙo ta kafaɗarsa, taɓarya ta faɗi daga hannunsa, ya durƙushe yana riƙe ciki. Daga nan kyamara ta bar hannuna, ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu, duk inda ta je sai ihu ya tashi. An kai wa Kaka har cikin gida. Ta daɗe tana kallo, sannan ta faɗi wata magana da C'lela wadda ta sa mata suka riƙa faɗuwa a jikin juna. C'lelata ba ta da ƙarfi, sai da na tambaya. Wai ta ce rabon da maza su ɗaga ta sama da gudu haka tun tana amarya, idan akwai wani bunsurun a sake kawowa.

Amma ba duka ne abin dariya ba, kuma wannan ma sai na faɗa. A ƙasarmu, a shekarun nan, "ku gudu" ba kalmar wasa ba ce. Maƙwabtan da ke can gefe ba su ji "sa" ba, "ku gudu" kawai suka ji, wasunsu har sun kama hanyar dutse. Baba Saje ya haɗa ni da Ishaya muka bi gida gida ina ba da haƙuri. Wata mata da muka tarar tana dawowa da goyo a baya da wani yaron a hannu, numfashinta bai gama daidaita ba, ta dube ni ta ce, "Ɗana, ka san abin da muka ɗauka?" Na ce na sani, Mama, ki yafe mini. Ta ce ta yafe, amma ba ta yi dariya ba. Wannan kallon nata ya fi duk dariyar da aka yi mini zafi.

Da muka dawo, na yi niyyar in sulale in hau babur. Baba Saje ya hango ni.

"Ina za ka? Hoton fa?"

Aka sake jera layi. Aka dawo da Kaka. Aka kawo mini takalmina, wanda bunsuru ya ɗan taɓa igiyarsa. Na sake kama hanyar gona, wannan karon da rakiyar ƙanin Ishaya cikin kaki, wai umarnin Baba ne a ba mai hoto tsaro. Sai da ya kai ni wurin sannan ya koma layi. Da na durƙusa na saita, sai wani daga cikin layin ya yi kukan akuya. Gaba ɗaya suka fashe, ni kuma na latsa. Kowa ya shiga, daga mangwaro har rumbu. Kaka baki buɗe ba haƙori ko ɗaya, sojoji uku sun dafa juna, Baba Saje ya jefa kai baya yana dariya. Mama ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin haƙoransa a hoto ba.

Mutum ɗaya ce kawai ba ta dariya a hoton: mai atamfa shuɗiya a gefen dama.

Na same ta a bayan rumbu tana wanke kwanuka da ƙarfin da ya wuce na wanke kwano.

"Rahila..."

"Ka wuce ni," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ba tsoron ne ya dame ni ba. Ka zo dab da ni, har ka buge ni, ka wuce. Ko hannuna ba ka ja ba."

"Hannuwana duka biyu na riƙe da kyamara ne," na ce.

Ta ɗago ta dube ni. A nan na gane cewa a duk abubuwan da na yi a ranar, wannan amsar ce mafi muni. Na tsuguna na ɗauki soso na fara taya ta wanki. Mun kusa gamawa kafin ta ce, "Muryar nan da ka yi, daga ina ka samo ta?" Sai ta kasa riƙewa, ta kifa kai a gwiwa tana dariya har da hawaye.

Kafin in tafi Baba Saje ya sa aka kira ni. Yana zaune da Mama a gindin mangwaron (wannan dai mangwaron). Na durƙusa ina jiran hukunci, na riga na shirya yadda zan gaya wa manyana cewa magana ta mutu.

"Malam, kai matsoraci ne," ya ce.

"Haka ne, Baba."

"Amma ka yi ihu kafin ka gudu, kuma wurinmu ka nufo kana ihun. Na ga waɗanda suka ga abu suka sulale shiru, suka bar mutane." Ya nuna ni da yatsa. "Sai dai a gaba, in ka tashi gudu, ka haɗa da 'yata."

Ban gama fahimtar abin da ya faɗa ba sai da Mama ta sa baki. Ta ce, "Gidan nan jarumai sun ishe mu. Uku na haifa, kullum kunnena na kan waya. Ita dai Rahila a ba ta wanda zai riƙa dawowa gida da yamma." Ta juya ga mijinta. "Ka gaya masa mana, ka bar yaro a durƙushe."

Baba Saje ya gyara zama ya ce in gaya wa manyana su dawo.

An yi bikinmu kafin damina. Kaka ta halarta, ta rasu a shekarar da ta biyo baya, kuma hoton nan shi ne na ƙarshe da ta ɗauka da jikokinta duka. An wanke shi babba, yana rataye a ɗakin Baba Saje, kowane ɗa kuma ya tafi da nasa bariki. Na bunsurun ma sai da Ishaya ya sa na tura masa, wai abokan aikinsa ba su yarda da labarin ba.

Kyamarar tana nan, ina jin daɗinta. Daga baya na sayi gajeren gilashin, wanda shi ya kamata in fara da shi, yanzu ina ɗaukar 'yarmu a tsakar ɗaki ba sai na fita titi ba. Dogon kuma na bar wa shaho da duwatsu. Idan wani ya zo neman shawara kan wadda zai fara saye, ba na yi masa dogon bayani kamar da. Nakan ce ya fara tambayar kansa abin da zai riƙa ɗauka, ya sayi daidai wannan, kuma ya yi cinikin a inda ba madubi. Sannan in ƙara masa da wadda ba a faɗa a bidiyo: duk abin da ka gani da ido ɗaya ya tsorata ka, buɗe ɗaya idon kafin ka buɗe baki.